Kwarin da Ravna Ta Ba Da Aro

Sandar farko da Ravna ta gani kafe a makiyayarsu, ta tuge ta ne ba tare da ta kawo komai a ranta ba. Doguwa ce, an ɗaura mata jan ƙyalle a ka. Da ta ɗaga ido sai ta hango wata a gaba, bayanta kuma wata, sun jeru sun haura tudu kamar 'yan makaranta a layi.

Watan Oktoba ne, ƙasa ta fara daskarewa, amma dusar ƙanƙara ba ta kwanta ba tukuna. Ravna ta sauka daga babur ɗinta mai ƙafa huɗu, ta bi layin tana tugewa tana tarawa. Sai da hannunta ya cika sannan ta iske mai aikin a bayan tudun, yana durƙushe yana buga wata da guduma, yana 'yar waƙarsa.

"Sannu da aiki," ta ce.

Ya juyo. Dogon saurayi ne, sanyi ya ja masa hanci ya yi jawur. Ya dubi fuskarta, ya dubi abin da ta rungumo, ya sake duban fuskarta.

"Waɗannan kamar na san su."

"Au, naka ne? Ai na zaci tsirowa suka yi." Ta zube su a gabansa. "Ɗan wa ne kai?"

"Sunana Lemet, daga Alta nake. Kakata ta wajen uwa 'yar Masi ce."

"Shi ya sa. Mutanen bakin teku ko a kan tudu sai sun kafa turken ɗaure jirgi. Ni ce Ravna ta gidan Issat, kuma abincin bareyin da muke kiwo kake takawa."

Lemet ya yi sauri ya ɗaga ƙafa ɗaya daga kan farar gansakukar da ta lulluɓe ƙasa, ya rasa inda zai ajiye ta. Ravna ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Ya yi mata bayani. Ya daɗe yana yi wa wasu aiki, yana ɗaukar baƙi a bas yana kai su bakin titi su kalli hasken arewa, hasken nan mai launi da ke rawa a sama da daren hunturu, fitilun motoci na haske musu ido. Bana yana so ya tsaya da ƙafarsa. Mutane kaɗan zai riƙa ɗauka a watan Janairu, ya kai su inda babu fitila ko ɗaya, ya kafa tanti, ya hura wuta. Duk yawon da ya yi bai ga inda ya kai wannan tudun duhu ba.

"Da me za ka kawo su?"

"Da baburan ƙanƙara."

"To ka ji. Duk inda injin ya bi, yakan danne dusa ta zama dutse. Barewa da ƙafarta take tona ta ci. Idan ta kasa tonawa, yunwa ce. Ƙarar kuma ta watsa mana masu ciki."

Ya shafa ƙeya. "Wallahi sama kawai nake kallo, ban taɓa duba ƙasa ba. To ina zan kai su?"

"Ni na gayyato su?"

Duk da haka ta taya shi kwasar sandunan zuwa motarsa. Da za su rabu ya roƙi lambarta, wai don kada ya sake yin shuka a gonar wani. Ta ba shi, tana gaya wa kanta cewa saboda garke ne.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, mai tuge sanduna. Na shimfiɗa taswira, duk inda na sa yatsa sai in ji muryarki tana cewa ɗaga ƙafarka. Ki taimaki baƙo, an ce makaho ne ko da idonsa."

Ta amsa: "Ɗan teku, ka fara koyon tafiya a tudu kafin ka ja wasu. Asabar zan je gyaran shinge. In kana da safar hannu mai kauri, ka zo."

Ya zo ranar Asabar, ya kuma zo ta gaba. Yana riƙe mata waya tana ɗaurewa, suna shirya tafiyar baƙinsa da baki: inda za a tsaya a sha abu mai zafi, irin takalmin da za a ce su zo da shi, kwanakin da wata ba zai cika haske ba. Shi ya san sama, ya san irin gajimaren da ke tafiya da wanda ke kwana. Ita ta san ƙasa. Tun tana ce masa ɗan teku da tsiya, har sunan ya yi laushi a bakinta. Shi kuwa ya koma kiranta Gimbiyar Tudu.

Wata rana ta kai shi wani kwari mai 'yan gajerun bishiyoyi, wanda ake kira Kwarin Yanyawa. Tuddai sun kewaye shi, ko ƙyallin gari ba a gani. Tun tana ƙarama rabon da mahaifinta ya shigar da garke ciki.

"Na ara maka nan, na bana kawai," ta ce.

"Baba ya sani?"

"Zan gaya masa."

Ba ta gaya masa ba. Kafin dusa ta yi nauyi Lemet ya kai tantinsa da murhun ƙarfe da itace da fatun shimfiɗa, ya ɗauki hoton wurin ya sa a shafinsa. Nan da nan mutane suka fara kama gurbi.

A ƙarshen Nuwamba, lokacin da rana ta daina fitowa kamar yadda take yi duk hunturu a can, Ravna ta kai shi gida. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, kakarta ce ta raine ta, wadda kowa ke kira Ahku. Ahku ta zuba masa romo da ɓargo, ta tambaye shi dangin kakarsa ɗaya bayan ɗaya har ta gano ta taɓa kwana a gidansu. Mahaifinta, Baba Issat, yana gefe yana gyaran igiyar zarge, bai ce uffan ba.

Shirun ya dami Lemet, ya ga gara ya yi yabo.

"Baba, na ga garkenku a hanya, masha Allah. Za su kai guda nawa?"

Cokalin Ahku ya tsaya a iska. Ravna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ko yaron goye ya san ba a tambayar makiyayi yawan dabbobinsa, daidai yake da zura masa hannu a aljihu.

Baba Issat ya ɗago a hankali. "Akwai wasu a wannan gefen bishiya," ya ce, "akwai wasu a wancan gefen." Ya koma kan igiyarsa.

Bayan Lemet ya tafi, Baba Issat ya kira Ravna.

"Wannan yaron naki, mai ƙirga dabbar mutane, mai sayar da sama ga 'yan yawon buɗe ido. Da shi kike nufi?"

"Baba, kuskure ya yi. Bai tashi a cikinmu ba."

"Abin da nake faɗa ke nan. Yayanki ya tafi Oslo, ya ce shekara ɗaya. Yanzu ko shaidar yankan kunnen bareyinsa ba zai gane ba. Ke kaɗai kika rage min. Idan kin bi wannan zuwa teku, wa zai riƙe wuƙar yanka kunne bayana?"

"Wa ya ce tafiya zan yi?"

"Duk haka suke cewa. Ga Heaika nan, an haife shi a bayan garke, makiyayarsu na jingine da tamu. Ban ce dole ba. Amma wancan, ban yarda ba."

Heaika ɗan maƙwabtansu ne, gwanin jifa da igiya, kuma ya san shi gwani ne. Tun suna makaranta yake cewa Ravna tasa ce, ita kuwa tana ce masa ya fara koyon rufe baki.

Ta shiga ɗaki ta tarar da saƙo yana jira.

"Gimbiya, na kira kawuna na ba shi labari, ya ce da jikansa ne ya yi wannan tambayar da ya ja masa kunne. Kunya kamar ta kashe ni. Amma ki sani, ba zan janye ba. In shekara goma zan yi ina gyara shinge, zan yi."

Ta rubuta: "Ɗan tekuna, ka yi ɓarna kam. Ni ma ban janye ba. Ka yi haƙuri da Baba, tsoro ne yake ji, ba ƙiyayya ba."

Ana saura kwanaki Kirsimeti, iska ta juyo daga teku da ɗumi, aka yi ruwan sama a tsakiyar hunturu. Kashegari sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Da Ravna da mahaifinta suka fita wurin garke, ya soka sandarsa a dusa, sai ta yi ƙara kamar ta bugi kwano. Ya matsa gaba ya soka, haka. Duk tudun ya zama faranti ɗaya na ƙanƙara, abinci yana ƙasa a kulle. Bareyi suna ta bugu da ƙafa har wasu sun fara jini.

Da yamma Heaika ya zo gidan, ya zauna kusa da murhu.

"Kwarin Yanyawa za mu," in ji Baba Issat. "Bishiyoyi da tuddai sukan kare shi. Don irin wannan ranar na hana kaina shi duk shekarun nan."

Ravna ta ɗago da sauri. Kafin ta buɗe baki Heaika ya zaro wayarsa.

"Wane kwarin, Baba? Wannan?" Ya miƙa masa hoton tantin Lemet a tsakiyar bishiyoyi. "Ai an yi masa ciniki. Bayan sabuwar shekara babura za su fara shiga, safe da yamma."

Baba Issat ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya dubi 'yarsa.

"Ni na ara masa, Baba. Ban san ajiya ba ce."

"Da kin tambaya."

"Ni dai abin da na gani," Heaika ya ce, "mutum ya zo neman fili, ya samu fili. Sauran zancen duk miya ce. Amma kada ka damu, Baba, gefenmu na gabas bai daskare sosai ba. In gida ya zama ɗaya, ai garke ma ɗaya ne."

Ravna ta miƙe. "Heaika, in taimako za ka yi, ka yi. In ciniki ka zo, ba ni ce kuɗin ba."

Ta fita waje ta rubuta wa Lemet: "Ƙasa ta kulle. Dole garke ya shiga kwarin, ba mu da wani wuri. Na san baƙinka sun kusa. Ka kira ni."

Amsa ta zo a gajarce: "Na gani."

Daga nan shiru. Ta kira, wayar a kashe. Ta kira washegari, a kashe. Heaika da ya zo taya su tattara garke bai bar ta ta huta ba.

"Baƙinsa sun sayi tikitin jirgi tun daga Japan. Kina zaton zai zubar da wannan saboda barewa? Yana can Alta yana neman lauya."

Maganar ta zauna wa Ravna a ƙirji. Ta tuna yadda idon Lemet ya yi haske ran da ya fara ganin kwarin. Shin kwarin ya gani ko ita? Mahaifinta ya fara maganar karɓar tayin Heaika, domin dabbobi sun fara kwanciya.

"Baba, ka ba ni wannan kawai," ta ce. "Ni na ba da aro, ni zan karɓo. Mu kora su kwarin. In mun tarar da babura, da hannuna zan rushe tantin, kuma ba za ka sake jin sunansa a bakina ba."

Ya dube ta, ya ga fuskar mahaifiyarta lokacin da ta yanke magana. Ya ce to.

Suka kora garken a hankali, karnuka a gefe, saboda raunanan ba sa iya sauri. Sun isa bakin kwarin da tsakar rana, a cikin ɗan shuɗin hasken nan da ke maye gurbin rana a wannan lokacin. Ravna ta riga kowa hawa tudun ƙarshe, ta leƙa.

Babu tanti. Babu sawun babur ko ɗaya. Kwarin yana kwance fari tas. Abin da ta gani kawai siririn sawun katakon sulu ne, irin wanda ake ɗaurawa a ƙafa, a can gefe, a gindin duwatsu inda ba abin da ke tsiro, an bi shi an sake bi har ya zama hanya.

A ƙarshen sawun wani mutum yana tafe a sunkuye, igiya a ƙugunsa, yana jan amalanken dusa marar taya da murhun ƙarfe a kai. Yana yin taku kaɗan ya tsaya ya huta.

Ta gangara da gudu tana nutsewa har gwiwa.

"Lemet! Kai mahaukaci ne? Ina babur ɗinka?"

"Yana bakin titi." Leɓɓansa sun tsage, da ƙyar maganar ke fita. "Ba ke kika ce injin yana danne dusa ba? Wannan ne kaya na ƙarshe. Na so in gama kafin ku iso."

"Wayarka fa? Ka san abin da na yi ta saƙawa?"

"Sanyi ya kashe batirin tun ranar farko. Na ce in na koma gari neman caji, na ɓata yini guda. Yi haƙuri, Gimbiya. Kuka kike?"

"Iska ce."

Baba Issat ya iso, ya wuce su. Ya soka sandarsa a gindin wata bishiya, ta shige sumul har ƙasa. Ya ɗaga hannu, karnuka suka saki garken. Ba a jima ba kwarin ya cika da ƙarar tono, dusa na tashi ta ko'ina.

Sannan ya dawo ya tsaya a gaban Lemet, ya ƙura wa kumatunsa ido, inda sanyi ya ƙone wani wuri ya yi fari fat.

"Kada ka murza," ya ce. Ya cire safar hannunsa, ya ɗora tafinsa mai ɗumi a kan wurin, ya riƙe har jini ya dawo. Da ya sauke hannun ya ƙara da cewa, "Wannan don kumatunka ne. Ba amsar wata magana ba ce."

Heaika ya zo ya kama murhun ya ɗaga, ya ji nauyinsa, ya ajiye. Ya dubi doguwar hanyar, ya girgiza kai.

"Kai ɗan teku, ko jakin Allah ne kai? Kawo in kai maka titi, kada ka mutu a ce ni ne."

Saura baƙi. Lemet ya rubuta musu gaskiyar abin da ya faru, ya ce babu babura, babu kwari. Wasu suka fasa, don tseren babur suke so. Ravna ta same shi a teburin Ahku ya tasa taswira a gaba, ya dafe kai.

"Sau biyu ke nan ina rusa maka shiri," ta ce.

"To ki zauna mu yi na uku."

Ahku da ke ɗinkin takalmin fata ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tsohuwar bukkata tana nan a bakin kogi, bayan gari. Da ƙafa ake zuwa. Barewa ba ta cin ƙanƙarar kogi. In za ku share ta, ku share."

Suka share ta, suka toshe ramuka, suka jera fatu. Waɗanda ba su fasa ba suka zo a Janairu, suka taka da ƙafa a bayan Lemet, Ravna a ƙarshen layi tana tsince masu faɗuwa. Kwanakin farko gajimare ya rufe, Lemet yana ta fita yana shiga kamar mai jiran haihuwa. Ran da za su koma gobe, tun kafin a ci abincin yamma, sama ta washe. Wani koren zare ya miƙe daga bayan tudu, ya faɗaɗa, ya fara kaɗawa kamar labulen da iska ta samu, gefensa yana yin ja-ja. Wani baƙo ya sa yatsa a baki zai yi fito, Ahku ta buge masa hannu.

"Ba a yi masa fito, ba a ɗaga masa hannu. Ka tsaya da ladabi."

Baƙon ya sauke hannunsa. Lemet ya matso kusa da Ravna.

"Gimbiya, ina so in aure ki."

"Na sani. Amma ba a bakin kogi ake tambaya ba, kuma ba ni kaɗai ake tambaya ba. Abin yana da hanyarsa."

"Koya min."

"Ahku za ta koya maka. Ni ba ruwana, kunya nake ji."

Da rana ta dawo ta fara daɗewa a sama, wata Asabar Ravna tana tsaye a taga cikin gaktinta, rigar gargajiyarsu mai ja da shuɗi, ta hango su tafe. Lemet ne a kan amalanke, barewar aro tana ja, kawunsa Juhan a baya a matsayin mai magana, ya riƙe hula da hannu biyu. Al'ada ce mai neman aure ya zagaya gidan sau uku. Zagaye na farko ya tafi lafiya. A na biyu barewar ta ga kare, ta zabura, Kawu Juhan ya wuntsila cikin dusa. Na uku da ƙafa Lemet ya ƙarasa shi, yana jan barewar tana jan sa.

Maƙwabta da suka fito kallo suna ta dariya. Ravna ta fita a nutse, ta kama dabbar, ta kwance mata ragama. Wannan ita ce amsarta, don a al'ada kwance ragama amincewa ce, kowa kuma ya gani.

Saura ta mahaifinta. A ciki, Kawu Juhan ya karkaɗe dusa daga gemunsa, ya yi gaisuwa, ya jero asalin yaron, sannan ya ce, "Mun zo da gahawa. Ko za a ba mu izini mu ɗora tukunya?"

Baba Issat ya kau da kai. Ahku ta ce, "Murhu dai nawa ne. Ku ɗora."

Lemet ya dafa, ya zuba, ya ajiye kofi a gaban Baba Issat. In ya sha, an ba su. In ya bar shi ya huce, sai su kwashe kayansu. Tururi yana tashi, ba wanda ya motsa.

"Tambaya ɗaya," Baba Issat ya ce. "A ina 'yata za ta riƙa yin hunturu?"

Lemet ya buɗe baki, Ravna ta riga shi.

"Baba, ni ya kamata ka tambaya. Inda garke yake, nan nake. Wuƙar da kake tsoron ta rasa mai riƙewa, ni zan riƙe ta, in kuma Allah ya ba mu 'ya'ya, kai za ka zana musu yankan kunnensu. Ba zan bar ka don shi ba. Amma ba zan bar shi don ka ji daɗi ba. Ka haɗa min ku biyun."

"Kai fa?"

"Na saki ɗakina na Alta, Baba," Lemet ya ce. "Ba zan zama makiyayi kamarka ba, ƙarya ne in na ce zan iya. Amma ina da baya mai ɗaukar kaya, kuma in an gaya min abu sau ɗaya ina riƙewa."

Tururin ya fara raguwa. Ahku ta yi gyaran murya. Ravna ta kafa wa kofin ido, ta ƙi ko ƙiftawa.

Baba Issat ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Wannan gahawa ce ko ruwan wanke tukunya?" Ya sake kurɓa, ya shanye tas, ya dire kofin. "Yaron nan zai daɗe bai iya ba. Dole ya zauna kusa a koya masa. Ƙaro min."

Ahku ta rangaɗa murya da waƙar gidansu, Kawu Juhan ya rungume Lemet har ya kusa kayar da tukunyar. Ravna ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar mahaifinta, ya dafa ta, yana kallon taga don kada a ga idonsa.

An ɗaura auren a cocin garinsu Kautokeino lokacin bikin Ista, kamar yadda aka saba. Ravna ta fito da azurfa jere a ƙirjinta tana ƙara duk inda ta juya. Mutanen tudu da na teku suka cika zauren, yayanta ya zo daga Oslo, Heaika ne ma ya yanka naman da aka dafa, yana gaya wa kowa cewa shi ya bar wa ɗan teku. Da aka natsa, Ahku ta kama hannayensu biyu ta haɗa a cikin nata.

"Allah ya ba ku dusa mai laushi da wuta mai ɗumi," ta ce. "Ya ba ku haƙurin juna a watannin duhu. Ya sa ku tsufa a gida ɗaya."

Zauren ya amsa da amin, muryar Baba Issat ta fi ta kowa ƙarfi.